Kalma Uku

A ɗakin ƙasa na gidana, a Valkeakoski,
inda tafki ya daskare tun watan jiya,
akwai wata tsohuwa mai tsayin kabad.
A kuɗin ƙarfe na saye ta
ranar da masana'antar takarda ta yi gwanjonta.
Ƙwaƙwalwarta 'yan zobba ne
da aka saƙa da waya, saƙar tabarma.
Kalma dubu huɗu da casa'in da shida take ci,
ba ta san gyara ba, ba ta ba da bashi.

Kowane shafi nata ɗari da ashirin da takwas ne.
Abin da na rubuta ya kai ɗari da talatin da ɗaya.
Uku sun yi mini yawa.
Yau kwana tara ina lalube,
allura ce ta faɗa ruwa.

Jikata Sirkku ta sauko da kofi.
Ta ce, Kaka, wayar da ke aljihuna
ta ninka wannan dodon sau dubu dubu,
me ya yi zafi?
Na ce, mai cikakken rumbu
bai san nauyin ƙwaya ɗaya ba.
Ta yi dariya, ta haura, ta bar mini ƙofa a buɗe.

Ta farko ran Talata na kama ta.
Ashe ina share ma'aji kafin in zuba lamba,
alhali umarnin baya ya riga ya share shi.
Shara a kan shara.
Na soke. Saura biyu.

Ta biyu sai da na yi gumi cikin sanyin nan.
Zagaye ne, ina ƙirge zuwa sama,
kowane juyi ina tambaya: mun iso? mun iso?
Na kifar da shi, na faro daga ƙasan sifili,
in ƙirgen ya cika ita da kanta za ta tsallake.
Ba tambaya, ba amsa.
Saura ɗaya.

Ɗayar nan ta kafe.
Na matsa nan, ta ɓullo can.
Na bar ta, na je na fasa itace,
na dawo tana zaune tana kallona.

Daren Asabar na buɗe kwalin da ya zo da ita.
Takardu sun yi ruwan ƙwai, gefensu duk huji,
shekarar saba'in da shida.
A layi na arba'in, ga fensirin Hilkka Ruotsalo,
rubutun nan nata mai kwanciya hagu:
kada ka ware wa lambar gurbi,
umarnin da ke sama, in ka karanta shi lamba, ita ce.
Baki ɗaya, magana biyu.

Na tuna ranar.
Injin takarda na ruri, muna ihu kafin mu ji juna.
Na ce mata wannan ganganci ne,
wanda zai zo bayanki ba zai gane ba.
Ta cije fensiri, ba ta tanka ba.
Bara waccan aka binne ta a Nokia,
ban je ba, na ce hanya ta toshe.
Ga shi ni ne na zo bayanta.

Na ɗora dabararta.
Na ɗaga makunnai ɗaya bayan ɗaya, yatsuna na tsami,
fitilu goma sha biyu suka yi ta ƙifce,
injin bugu ya yi tari, ya tofo amsa daidai.
Ɗari da ashirin da takwas cif.
Da tsohuwar zuma, in ji mutane.

Daga sama Sirkku na kira, miyar kifi ta huce.
Na ce ina zuwa.
A gefen layin, inda na'ura ba ta karantawa,
na buga sunanki, Hilkka, da cewa ke ce da gaskiya.
Wannan bai ci ko kalma ɗaya ba.